Ƙwan Mace a Ƙanƙara? Dakata da Dariya, Malam

Na san halinku, 'yan majalisar bakin titi. Da an ce likitoci na ɗebe ƙwan mace su daskarar kafin a fara mata maganin ciwon daji, sai Malam Mai-Musu ya gyara zama ya ce: "To in aka ɗauke wuta fa?" Kwantar da hankalinka, ba a firjin Hajiya ake sa shi kusa da zoɓo ba. Cikin ruwan naitirojin yake, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, kuma tulun bai san lantarki ba.

"Me ya yi zafi haka?" Abin da ya yi zafi shi ne, da ƙwanta ake haifar mace, jikinta ba ya ƙera sabo. Maganin kemo kuwa, da gashin da ake yi wa mara, ba sa tantance daji da ƙwai. Sai mace ta warke, al'ada ta ɗauke tana 'yar shekara talatin. Shi ya sa ake yin allurai na kamar mako biyu, ƙwai su nuna a kwashe. In ba lokaci, ko yarinyar ba ta balaga ba, a yanko ɓangaren gidan ƙwan a adana, ta warke a mayar mata.

Na ji Baba yana cewa tatsuniyar Turawa ce. To Baba, wannan tatsuniyar har goyo aka yi mata. A 2004, a birnin Burasel na Beljiyam, matar da aka daskarar da ɓangaren gidan ƙwanta tun 1997 ta haifi 'ya mace a hannun tawagar Farfesa Jacques Donnez. A 2014, a birnin dai, wata 'yar asalin Kwango mai sikila, wadda aka adana nata tana shekara 13 kafin dashen ɓargo, ta haifi namiji.

"Haihuwa ai ta Allah ce." Ƙwarai kuwa, Alaramma, damina ma tasa ce, amma ban ga ka cinye irin shukarka ba. Hukumar fatawa ta Masar ta halatta daskarar da ƙwan mace a 2019, da sharaɗin a haɗa ƙwan da maniyyin mijinta, cikin igiyar aure.

Inda za ku ci ni shi ne kuɗi, don akwai tsada, kuma ba kowace ke dacewa ba. Amma tambaya kyauta ce. In kun raka 'yarku asibiti, ku tambayi likita zancen haihuwarta kafin ruwan kemo na farko ya shiga jijiya. Musun ku ajiye shi sai ranar suna.