Ni da Ducati: Karambanin Akuya

Duk namijin da ya yi samartaka a Zariya lokacin da Jincheng ta cika gari yana ɗaukar kansa rabin bakanike. Mun iya cire filogi mu kankare shi da reza, mun iya hura kafireto da baki, in babur ya ƙi tashi mu tura shi a giya ta biyu. Da wannan digiri na zo Italiya neman abinci, Allah ya ajiye ni a wata masana'antar tayil a Sassuolo, kusa da Modena. Ashe garin masu inji na faɗo. Maranello, gidan Ferrari, tana nan maƙwabtaka da mu, Ducati kuma tana Borgo Panigale a gefen Bolonya. A nan ko tsohuwar da ke sayar da burodi za ta ji ƙarar babur daga nesa ta gaya maka ƙirarsa.

To, zama da maɗaukin kanwa. Ban ankara ba sai ga ni a ƙauye, a garejin wani dattijo, ina zagaya Ducati 900SS ƙirar 1993, ja wur, da ɗan hoton giwa a murfin tankinsa. Giwar tambarin Cagiva ce, kamfanin da ya riƙe Ducati daga 1985 zuwa 1996. Dattijo ya danna sitata, babur ya tashi, sai na ji wani kacau-kacau daga gefen dama kamar injin markaɗen da aka manta cokali a ciki. Nan take jinin kasuwar Sabon Gari ya motsa. Na girgiza kai, na yi tsaki, na nuna wurin da yatsa, na ce injin nan ya kusa cikawa. Dattijo ya dube ni, ya yi murmushi, ya rage mini kuɗi ba gardama. Na dawo gida ina ba matata labarin yadda na koya wa Bature ciniki.

Abokan aiki ne suka fara yi mini dariya. Kulocin wannan babur busasshe ne, ba ya wanka cikin baƙin mai irin na sauran babura, don haka farantansa ke kaɗawa in yana tsaye. Lafiyarsa ke nan. Wasu ma murfi mai huji suke sa masa don unguwa ta ji da kyau. Abin da ya sa dattijo murmushi daban ne: lokacin setin bawul da canjin bel ya wuce tuntuni, kuma kuɗin wannan aiki ya fi abin da ya rage mini nesa ba kusa ba.

Na leƙa wani gareji na tambayi farashi. Da aka faɗa sai na ce, don setin bawul? Aikin da ƙanena ke yi a Tudun Wada kafin shayinsa ya huce? Na ce a bar shi, da hannuna zan yi.

Ya kamata mai karatu ya san abin da na ɗebo. A kowane babur da muka sani, kamshaf ne ke danna bawul ya buɗe, sifirin kuma ya mayar da shi ya rufe. In tazara ta yi yawa, sai ka kwance ɗan noti, ka murɗa sukuru, ka ɗaure, shi ke nan. Injiniya Fabio Taglioni, wanda ya shiga Ducati a 1954, bai yarda da sifirin ba. A zamaninsa, in inji ya yi gudu sosai sifirin kan kasa dawo da bawul a kan lokaci, fistan ya iske shi a hanya. Sai ya ɗauki tsarin da ake kira desmo: hannu ɗaya ya buɗe bawul, wani hannun dabam ya jawo shi ya rufe da ƙarfi. Da wannan dabara ƙaramin babur ɗinsu mai cc 125 ya ci tsere a Suwidin a 1956. Da ita Paul Smart ya ci tseren mil 200 na Imola a 1972, Bruno Spaggiari na biye da shi, kuma da ita Mike Hailwood ya koma Tsibirin Man a 1978 bayan shekara 11 rabonsa da wurin, ya ba kowa kashi. Duk wannan tarihi na haddace shi, ina zuba wa duk wanda ya tsaya. Abin da ban tsaya na karanta da kyau ba shi ne shafin da ke cewa babu sukurun murɗawa.

A maimakonsa, kowane bawul yana da 'yan ƙarafa biyu masu kauri ƙididdigagge, ɗaya na buɗewa, ɗaya na rufewa. Injin silinda biyu ne, cc 904, bawul huɗu, wato ƙarafa takwas. Na buɗewa ana son tazararsa wajen milimita 0.10, na rufewa kuwa ana son ta kusa sifili, amma ba ta matse ba. In ba ta yi daidai ba, sai ka cire ƙarfen, ka auna shi, ka yi lissafi, ka sayo wani mai kaurin da ya dace, ko ka goga shi a kan sanfefa da gilashi har ya zo. Ni da rabona da lissafi tun jarrabawar fita sakandare.

Ranar Asabar, cikin hunturu, na shiga ɗan garejin da ke ƙasan gidan hayarmu. Na ɗaga tanki, na cire akwatin iska da batir, na buɗe murafun bawul, na jera notuna cikin kwanon cin abincin yara. Har na ɗauki hoton kaina da sifana na tura wa 'yan uwa a WhatsApp. Awo ya nuna ƙarfen rufewa na silindar da ke tsaye ya saki. Shi wannan ƙarfe, wasu 'yan rabin zobba biyu na siririyar waya ne ke riƙe shi a wuyan bawul. In ka ɗora ɗaya a tafin hannunka sai ka kawar da kai ka rasa inda yake. Kuma dab da wurin akwai ramin da baƙin mai ke bi ya koma cikin inji. Duk wanda ya taɓa aikin nan, abu na farko da zai ce maka shi ne ka toshe ramin da tsumma. Na ji wannan shawara, na ce ta masu rawar hannu ce.

Na danne hannun rufewa da sukudireba, na zame ƙarfen ƙasa, na ciro rabin zobe ɗaya lafiya lau. Ina taɓa na biyu, sukudireba ta kuɓuce, wani abu ya yi ƙyas, na duba wuyan bawul wayam. Na haska fitila, ramin mai na kallona, ina kallonsa.

Na share garejin nan da tafin hannu. Na yi rarrafe har gwiwar wandona ta yi baƙi. Da na tabbata abin ya tafi cikin inji, sai na kira ƙanena ta bidiyo. Ya ƙura wa allon ido, ya ce, “Yaya, ina sifirin ɗin?” Na ce ba shi da shi, sai wani ɗan siriri mai taimakawa. Ya ce, “To an cuce ka, kwance aka sayar maka.” Da na yi masa bayani ya gane matsalar, sai ya ce ai da sauƙi, in samu yara biyu mu kifa babur ɗin mu girgiza. Babur ɗin ya haura kilo 180, kuma yaran da ke gidan ɗaya bai daina rarrafe ba.

Na sayo maganaɗisu mai dogon wuya na yi ta zurawa, ba abin da ya fito sai baƙin ciki. Na kwance notin ƙasa na juye mai, na ciro ragar da ke tace shi, babu. Sai dabara ta zo mini: wataƙila yana cikin man da na juye. Na lallaɓa kicin na ɗauko rariyar tace gari. Ina tsugune ina tace baƙin mai, sai na ji an tsaya a bayana.

“Sannu da aiki, Injiniya,” in ji matata. Malam take ce mini tun da muka yi aure, daga ranar nan aka yi mini ƙarin girma. “Tuwon daren yau da wane mai za a ci, wannan ko man shanu?”

Mutum zai iya cewa ɗan guntun waya me zai yi wa inji? Yana iya kwanciya a ƙasan inji har abada bai motsa ba, yana kuma iya shiga tsakanin haƙoran giya kana tsakiyar gudu a kan dutsen Apennine. Da wannan tunani na yi ta juyi a kan gado. Don kada lokaci ya tafi a banza, sai na ce bari in canza bel ɗin tamin kafin Allah ya kawo mafita. Na canza duka biyun, na ja su yadda na ga ana yi, na ji na ɗan dawo da mutuncina.

A ƙarshe dai na ari motar ɗaukar kaya, na loda babur da kwanukan notunansa, na koma garejin nan da na raina wa farashi. Tsohon mai garejin, wanda kowa ke kira Maestro, ya saurare ni har na gama bai ce uffan ba. Ya sa gilashinsa, ya juya inji da hannu a hankali, ya tsaya, ya kira ni.

“Yaro, wa ya sa bel ɗin nan?”

Na ce, “Ni ne, Maestro,” har da ɗan gyara tsayuwa.

Ya nuna mini alamar tamin. Ta goce da haƙori. Ya ce in gode wa abin da ya ɓace, don ba don shi ba da tuni na danna sitata, kuma a injin da ke jan bawul da ƙarfi, fistan da bawul ba su da filin kauce wa juna. Na tsaya tsuru-tsuru. Yaran shagon suka samu abin yi a can ƙuryar gareji, kafaɗunsu na rawa.

Maestro ya buɗe murafun gefe, ya bi lungunan inji da fitila da maganaɗisu, ya wanke, ya sake dubawa. Bai ga komai ba. Ya sa sabbin rabin zobba, waɗanda kuɗinsu bai kai na kofin gahawa da biredi ba, ya saita ƙarafan nan takwas, ya gyara bel, ya miƙo mini takardar kuɗi. Farashin farko ne, da ƙarin ladan neman abin da ba a samu ba. Na biya ban ko nemi ragi ba, wanda ga Bazazzagi wannan ma wata jarrabawa ce.

Rabin zoben kuwa ya bayyana daga baya. Matata ce ta zo wanki, ta warware naɗin ƙafar wandon da na yi aiki da shi, abin ya faɗo kan tayil ya yi ƙyas. Tun ranar farko yana tare da ni. Da shi na yi rarrafe ina nemansa, da shi na tsuguna ina tace mai, da shi na tsaya gaban Maestro yana farke inji. Ta ɗora shi a faranti ta kawo mini tare da shayi, ta ce ga saƙon Injiniya, a sa hannu a karɓa.

Babur dai yanzu lafiyarsa ƙalau, yana kacau-kacau ɗinsa, ni kuma ina ta bayyana wa baƙi cewa ba lalacewa ya yi ba. Na sayi sabuwar rariya, an ce ba ta kai tsohuwar kyau ba. Bel ɗin 900SS duk shekara biyu ake canza shi ko an hau ko ba a hau ba, kuma Maestro ya riga ya rubuta sunana a littafinsa, da sharaɗin in kawo babur ɗin a haɗe.