Takardar Tashi Zuwa Ga Gwaggo Funfuna

Daga hawa na biyu,
wani tsohon bene a Surulere,
Legas.

Gwaggo Funfuna,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ko da yake ba sai an faɗa mini ba, duk mai ido ya ɗaga kai a banɗakina zai shaida. Kin yi ɓulɓul, kin yi baƙi wuluk, kin bazu tun daga kusurwar silin har bayan tankin masai. Ladabi ya sa zan ce ranki ya daɗe, amma Allah ya ga zuciyata.

Dalilin wannan takarda shi ne in sanar da ke cewa zamanmu ya zo ƙarshe. Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ce mai biyan kuɗin shekara wata shida ake ba shi ya tattara kayansa, mai biyan na wata a ba shi wata guda, wanda kuwa yake zaune bisa alfarma mako ɗaya ne rabonsa. Ke ba ki taɓa biyan haya ba, ba ki biya kuɗin ejan ba, ba ki biya na lauya ba, alhali ni duk an tatse ni kafin in ga makulli. Mako gudan ma darajar shekarunki kika ci.

Na sani kin riga ni shiga gidan nan. An gina shi a shekarun 1970, zamanin da kuɗin man fetur ya sa gwamnati ta yi odar siminti fiye da abin da tashar Apapa za ta iya saukewa, har a 1975 ɗaruruwan jiragen ruwa suka yi cirko-cirko a teku wata da watanni, laima tana daskarar da wani simintin tun yana cikin jirgi. Wani dattijo a hawan ƙasa yana rantsuwa da irinsa aka ɗora katangarmu. Na bar shi da rantsuwarsa.

A Kano ma na san ki, amma can baƙuwar damina ce ke. Kina leƙowa a watan Agusta, ki hau burodi da tuwon jiya da takalmin fata, da hunturu ya busa kuwa ko ɗuriyarki ba a sake ji. Nan kika samu gindin zama. Masana sun ce in ana son hana ki sakewa, kada laimar cikin ɗaki ta wuce kashi 60 cikin ɗari. A Legas da damina iskar waje ma takan haura kashi 80, wato in na buɗe taga don in kore ki, abinci na ƙara miki. Sun kuma ce abu ya jiƙe na awa 24 zuwa 48 ya ishe ki kafa sansani. Bangon banɗakina kuwa rabonsa da bushewa tun zamanin mulkin soja.

Kada ki kafa mini hujja da danginki, na san su. Na san 'yar'uwarki ce ta faɗa wa Alexander Fleming cikin faranti a asibitin St Mary's na Landan a 1928, daga nan aka samu maganin fenisilin, kuma duniya ta gode. Amma a zuriyarku akwai wadda ke hawa gyaɗa da masarar da aka adana da ɗanshi, ta bar musu gubar aflatoksin mai lalata hanta. Kowane gida akwai malami akwai ɗan iska, kuma na ga ɓangaren da kika ɗauko.

An sha gwada ki da bilic ɗin Hypo. A kan tayil kina mutuwa, wannan na ba ki. A kan filasta kuwa kalarki kawai ke gushewa, saiwarki tana can cikin ramukan bango, ruwan da aka wanke ki da shi ma ki shanye, bayan ɗan lokaci ki dawo kin fi da kyan gani. Wata maƙwabciyarmu, don haushinki, ta haɗa bilic da ruwan wanke masai mai asid a bokiti ɗaya, ta rufe ƙofa. Haɗin nan iskar kulorin yake fitarwa, irin wadda aka kashe sojoji da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ita aka fitar tana tari hawaye shaɓe-shaɓe, ke ko gezau.

Sai babban amininki, mai gida. Duk lokacin da na kai ƙararki, yaro yake turowa da bokitin fenti da burushi. A shafe ki da fari tas, a ɗauki hoto a aika masa, ya ce an gama gyara, kamar mai shafa hoda a kan gyambo. Kafin wata ya zagayo fentin ya kumbura, ya fara ɓarewa, ki leƙo ta ƙarƙashi. Ina zargin ma fentin daɗi yake miki, don da shi da ƙura da dattin sabulu duk cimarki ne.

A nan dole in yi miki adalci, Gwaggo. Duk cikin masu hulɗa da gidan nan ke kaɗai ce ba ki taɓa yi mini ƙarya ba. Ejan ya ce gida lafiya lau, mai gida ya ce tsohon tabo ne, mai fenti ya ce nasa fentin ba ya jin ruwa. Ke kuwa kin zana taswira a bango, daga sama zuwa ƙasa, daidai inda ruwa ke bi. Da mai gyaran famfo ya zo bai yi wani dogon bincike ba, sawunki ya bi ya fasa. Sai ga bututun ƙarfe irin na da, tsatsa ta cinye shi daga ciki, yana tsiyaya a cikin katanga. Ya hau sama ya tarar da tsagar tayil ɗin maƙwabta tana shan ruwan wankansu tana ɗigo mini. Ya kuma nuna mini shatin wata taga da aka toshe da bulo, lokacin da aka mai da baranda ɗaki don a samu ƙarin ɗan haya. Ashe gayyatarki aka yi, har da shimfiɗa.

Da na kai wa mai gida wannan bayani, ya yi ajiyar zuciya ya ce mu mutanen Arewa mun cika zubar da ruwa, ga wanka da bokiti, ga alwala sau biyar a yini. A nan dariyar ta tsaya mini, domin na taɓa jin irin wannan magana. A Disambar 2020 wani yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, wanda iyayensa suka je Ingila daga Sudan suka zauna a garin Rochdale, ya rasu. A Nuwambar 2022 mai binciken musabbabin mutuwa ta yanke cewa daɗewar da ya yi yana shaƙar funfuna a gidan hayarsu ce ta lalata masa numfashi. Mahaifinsa ya yi shekaru yana kai kuka, aka ce ya shafa fenti, ma'aikatan gidajen kuma suka ɗora laifin a kan yadda iyalin ke rayuwa da wanka, alhali banɗakin ba taga, fankar fitar da iska kuma ba ta aikin kirki. Yanzu a Ingila akwai doka mai ɗauke da sunansa, wadda ta fara aiki a Oktobar 2025, ta tilasta wa masu gidajen hayar jama'a su binciki irin wannan ƙorafi cikin ƙayyadaddun kwanaki. Ni ma ina da yarinya mai asma, kuma na lura tarinta na dare da damina yake tashi, lokacin da kike cikin ganiyarki.

Don haka ga yadda tashin zai kasance, kada ki ce an yi miki ba-zata. Za a cire bututun ƙarfe a sa na roba. Maƙwabtan sama sun yarda a cike musu tsagar tayil, bayan na ɗauki rabin kuɗin da kuma duk surutun. Za a fasa bulon nan a dawo da taga, a ƙara da ƙaramar fanka mai zuƙe tururi, wadda za ta yi aiki duk ranar da wuta ta ga damar zuwa. Filastar da kika ci za a kankare ta har sai an tarar da bulo, robar bakin baho a yanke ta a sa sabuwa, tunda ba ta wankuwa. An ce in faɗinki bai wuce murabba'in mita ɗaya ba mutum na iya yi da kansa, da safar hannu da takunkumi da sabulu. Ke kin wuce nan tuni, sai an kira masu sana'ar, kuma yara za su kwana gidan ƙanwata ranar, don in an taɓa ki 'ya'yanki ke tashi cikin iska. Fenti kuwa ba mai taɓa shi sai Janairu, in ɗan hunturun da Legas ke samu ya leƙo bango ya bushe. Tawul ya koma igiya a waje, kuma duk wanda ya yi wanka zai goge ƙasa kafin ya fito, har da ni.

Batun wanda zai biya muna kan ja-in-ja. Na ce a cire daga hayar baɗi, mai gida ya ce zai yi tunani, ejan ya ce ai in an gyara gida ya ƙara daraja, sai a duba batun ƙarin kuɗi. Kin ga ke nan ko bayan tafiyarki ba zan rasa abokan hira ba.

Wassalam, naki ɗan haya mai rasit.

Ƙarin bayani: na ga wata ƙanwarki fara-fara ta hau takalmin Sallata a cikin durowa, tana kuma shinshinar babbar rigata ta shadda. Ki gaya mata wannan takarda har da ita. In kuna neman masauki, gidan mai gida yana Lekki, kusa da ruwa, kuma na ji an ce ɗakunan baƙi uku gare shi.