Masu Ɓata Bincike a Tsallaken Gada

A 1963 wasu Amurkawa biyu, Campbell da Stanley, suka lissafa abubuwan da ke gurɓata sakamakon bincike. Da sun leƙo Kakuri ko Sabon Tasha a Kaduna lokacin da ɗaliban Poli ta Barnawa ke yawo da fom ɗin furojet, da sun ga abubuwan nan sun yi ƙafafu suna tafiya.

Ga Baba Mai Jiran Tallafi, tsohon ma'aikacin masaƙa. Tun da aka rufe masaƙar KTL a 2002 yake jiran haƙƙinsa, don haka duk mai riƙe da takarda da biro ɗan aiken gwamnati ne a wurinsa. "Baba, sau nawa kuke cin abinci a rana?" "Rubuta ɗaya, 'yata. Lambar asusu fa, a ina zan sa?" Ni dai ban ga laifinsa ba. Amma fom hamsin irin nasa sun isa su haifar da yunwar da ta fi ta gaskiya.

Sai Hajiya Mai Ganin Ido, wadda ba ta rufe abincin sayarwarta sai ta hango mai binciken tsafta. Tana da 'yan uwa har a masana'antar Hawthorne kusa da Chicago, inda aka lura ma'aikata na ƙara himma da zarar sun san ana kallonsu.

Shi kuwa Mai Ɓatan Dabo ya amsa tambayoyin zagayen farko, a na biyu aka ce ya tafi Abuja neman aiki.

Su kansu masu binciken ba su fita ba. Akwai Mai Rashin Sa'a, wanda ya koya wa 'yan keke Napep lissafin ciniki a farkon Mayun 2023, ya koma aunawa a Yuni. A tsakani Tinubu ya cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500. Ya rubuta cewa horonsa ne ya ninka kuɗin da ake karɓa a hannun fasinja.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne Mai Ƙin Haye Gada. Fom ɗari ya raba tsakanin Narayi da Television, duk a kudancin gada, rabi a unguwarsu, rabi ga abokan yayansa, sannan ya rangaɗa wa aikin suna "Ra'ayin Mazauna Kaduna". Alhali kowa ya san tun rikicin addini na 2000 aka yi ta ƙaura, Kiristoci suka fi yawa a kudu, Musulmi a arewa. Wanda ya tsaya a Kawo da Rigasa na arewa kaɗai ma tafiyarsu ɗaya. Kowanne rabin gari ya ji.

Ƙarƙashin mangwaro kuma ga wani can da biro kala uku, yana cike fom na tamanin da hannun hagu don kada malam ya gane rubutun.