G13 a Gidan Biki

Wani ɗan bautar ƙasa ne ya ja mini. Da zai bar Talata Mafara ya sayar mini da wata 'yar mitsitsiyar jita mai tsirkiya huɗu, wai ukulele. Ya ce kayan kiɗan mutanen Hawayi ce, 'yan ci-ranin Fotugal suka kai musu kakarta a 1879. Uwargida ta juya ta, ta ce, "Wannan ai garayar yara ce. Nawa ka ba shi?" Na faɗi rabin kuɗin.

Da na tsaya a kan sautuka masu sauƙi da na zauna lafiya. Sai wani Bature a YouTube ya kaɗa wani haɗin sauti na jaz mai suna G13, na ji tsigar jikina ta tashi. Nan take na yi wa abokina alkawarin zan kaɗa shi a bikinsa a Bakura.

Ashe sauti bakwai ne a cikin G13, tsirkiya kuwa huɗu. Direbobin tasharmu ba sa ganin wannan matsala, ranar Talata mutum bakwai suke cusawa a kujerar mutum huɗu, har da akuya. Amma Baturen ya ce a sauke uku, kuma cikin waɗanda za a sauke har da G ɗin da aka raɗa wa abin suna. Miyar kaza ke nan ba kaza.

Mako uku ina fama. In na danne da manuni, ƙaramin yatsa ya miƙe kamar mai neman izinin magana. In na lallashe shi, na tsakiya ya zame. Yatsun da suka saba da ƙotar fartanya a fadamar Bakolori ba su san lallaɓawa ba. Dare ɗaya hannuna ya ƙage, uwargida ta shafa mini man zafi tana tambaya ko a kira mai ruƙiyya.

Na ɗauki abata na tafi Maradun wurin wani tsohon makaɗin kotso. Ƙasar Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru ce, a can kunnen yaro ma ya san kiɗa. Na durƙusa na gaishe shi, na jera yatsu, na kaɗa. Wallahi ya fita daidai, karo na farko!

Tsoho ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaro, wagga garaya taka ba ta da lahiya. Miƙo ta in ɗaure ma tsirkiya."

Na ce, "Baba, ai haka ake so ya fita."

"Wa ka so?"

Ban da amsa.

Duk da haka ranar biki na je Bakura da babbar riga. Masu kalangu suka tsagaita, aka miƙo mini makirufo. Na lumshe ido irin na Baturen, na saki G13 tsaf, ba ko gargada. Wuri ya yi tsit. Can wata gwaggon amarya ta ce, "Ku ba shi lokaci, bai gama gyarawa ba." Na sake kaɗawa. Ango ya sunkuyar da kai. Sai ga tsohuwar ta taso, ta kwance bakin zane, ta liƙa mini naira hamsin a goshi, ta raɗa mini a kunne: "Ɗana, ka ƙara a kai ka kai ta wurin mai gyara."