Masu Alƙalamin Tawada a Kan Hanya

A gida, duk mai rubutu da alƙalami mai shan tawada mutum ne natsattse. Ranar da aka yanki tikiti ake ganin ciwon kowa, kuma na zauna kusa da yawancinsu a jirgi da a mota, har ina iya tsamo su tun daga layin awon kaya.

Babbansu shi ne Sarkin Shiri. Tafiyarsa tana farawa mako guda kafin ta kowa, ranar da ya jera alƙalumansa a kan tebur yana duban wanda ya cancanci rakiya. Ya san abin da ke sa alƙalami amai a sama, kuma gaskiya yake faɗa: idan jirgi ya lula, matsin iskar cikinsa yakan ragu ya koma na tudu mai tsayin ƙafa 6,000 zuwa 8,000, sai 'yar iskar da ke tumbin alƙalamin ta kumbura ta ingizo tawada ta baki. Magani ma ya sani: ko a cika shi taf yadda iska ba ta da mazauni, ko a juye shi ƙaf, sannan a tsayar da shi bakinsa na kallon sama. Abin da ya gagare shi kawai shi ne riƙe wannan ilimi a cikinsa. Kafin a rufe ƙofar jirgi ya karantar da na dama da na hagu, har da Hajiyar da laifinta ɗaya, ta tambaye shi yadda ake ɗaura bel.

Nasa alƙalamin Pilot Custom 823 ne, irin wanda ake murza gindinsa a toshe hanyar tawada gaba ɗaya. Wato ko kifa shi aka yi, da wuya ya ɗiga. Duk da haka sai ya naɗe shi a tishu, tishun a leda, ledar a gidan tabarau, gidan tabarau a aljihun gaba, a tsaye. Daga Kano har Jidda ba zai kwantar da kujera ba. Idan cokalinsa ya faɗi, sai dai maƙwabci ya ɗauko masa. Da an sauka zai shimfiɗa hankici a cinya, ya kawar da fuska gefe, ya buɗe murfi a hankali, sannan ya ɗaga kai ya sanar da jama'ar da ba su tambaye shi ba: "Alhamdu lillahi, ko ɗigo!" A hanyar dawowa ka tambaye shi me ya rubuta duk zamansa. Lambar wayar wani direba, ita ma daga baya ya kwafe ta a waya. Amma ina son zama kusa da shi. Ba a taɓa rasa tishu a wajensa.

Sai Uban Kwalabe. Tun 2006 aka ƙayyade ruwan da ake shiga da shi jirgi a hannu, kowace kwalba kada ta wuce mililita 100. Shi ya lura kwalbar tawadar Iroshizuku mililita 50 ce, sai ya ɗauki dokar a matsayin izini, ya ɗebo shida. Ma'aikacin bincike ya ɗaga ɗaya a haske ya ce, "Alhaji, turare ne ko rubutun sha?" Nan fa ransa ya ɓaci, ya tsaya bayanin cewa wannan shuɗin ba wancan shuɗin ba ne, mu kuma muna bayansa riƙe da takalma a hannu. Gardawan da suka riƙa takawa gabas neman karatu da kurtu ɗaya a rataye sun fi shi rubutu nesa ba kusa ba, kuma idan tawada ta ƙare, baƙin gindin tukunya da ɗan ƙaro sun ishe su.

Akwai mai 'yan robobin tawada da ake cusawa a cire, wanda ya fi kowa alfaharin cewa shi ba ya ɓata hannu. Sai a masauki zai tuna cewa Pilot da Platinum kowa da irin bakinsa. Akwai mai Montblanc, wanda farin tauraron murfinsa ke leƙowa daga aljihu tun daga ƙofar gida. Alƙalamin bai taɓa ɗanɗana tawada ba, don haka bai taɓa ba shi kunya ba. Akwai kuma wanda ba ya yarda da kowace tawada sai wadda ruwa ba ya wankewa, irin mai sinadarin ƙarfe da aka riƙa rubuta rajistar aure da ita a Ingila, don tsoron kada ruwan sama ya ci littafinsa. Ina za shi? Agadas, a tsakiyar rani.

Mu kuwa masu hankali, ɗan guntun Kaweco Sport muke jefawa a aljihu, muna yi wa sauran dariya cewa tafiya ba ta son kaya. Guda uku ne dai, saboda wa ya san launin da mutum zai tashi da shi gobe.

Duk waɗannan 'yan'uwana ne, kuma na yafe musu. Wanda ban yafe wa ba shi ne Ɗan Aro. Lokacinsa shi ne sa'ad da aka raba takardar shiga ƙasa. "Ranka ya daɗe, ɗan taimaka mini da biro," kuma kafin ka buɗe baki hannunsa ya isa aljihunka. Murfin na murzawa ne, shi fizga yake yi. Ya kifa bakin, ya ƙi rubutu, sai ya karkaɗa shi da ƙarfi, ɗigo uku suka sauka a farar shaddarka. Daga nan ya danna shi yadda ake danna biro a rasit mai kabon, kana kallo 'yan haƙoran nan biyu na bakin suna rabuwa, waɗanda tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin gashi ba, kuma da ita tawada ke gangarowa. Bakin zinariya ba ya jayayya da mai ƙarfi, lanƙwashewa yake yi ya zauna a haka, mai gyaransa kuwa ba a kowane gari ake samu ba. Bai tsaya nan ba. Kyauta da kayan wani ba ta yi masa wuya, sai ya miƙa wa na bayansa, na baya ya miƙa wa matarsa. Idan abin ya dawo hannunka, murfi daban, jiki daban, har da nasiha: "Malam, abin nan naka ya lalace fa. Ka nemi biro mana." Na ƙarshe da ya yi mini haka, a wajen ɗaukar kaya na gan shi ya zuge jakar hannunsa yana neman fasfo. Biro biyu ne a ciki, sababbi ful, da murafansu.