Mutanen da Ruwan Kwata Ke Haɗa Ka da Su

A watan Agusta, in sama ta kwana tana zuba a Kano, ruwan unguwa kan zaɓi gida guda ya mai da shi masauki. Mai gidan zai yi ta kwasa da bokiti har bayansa ya ƙage, sannan wani ɗan boko ya gaya masa cewa kundin tsarin mulki na 1999 ya sa gina magudanun ruwa da gyaransu cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Daga ranar da ya rubuta takardar koke zai fara sanin mutane.

Na farko shi ne Maƙwabci Mai Tudu. Bara ya cike ƙofar gidansa da tifa uku ta jar ƙasa, ya yi daɓen siminti, ya karkato indararonsa kan katangarka. In ka yi magana sai ya nuna sama: "Haba Malam, ruwan Allah ne fa! Ni na saukar da shi?" Wannan tawakkali nasa yana nan daram, sai ranar da na gaba da shi ya yi nasa cikon.

Sai Mai Jiran Hadari. Ba ta biyan mai kwasar shara. Da ta ji iska ta kaɗa, sai ta ƙwala wa almajiri kira: "Maza juye a kwata, ruwa zai tafi da ita." Ruwa kuwa yakan cika alkawari. Yana tafiya da ita har bakin kwalbatin da ke jikin gidanka, ya ajiye.

A sakatariya Masinja ne zai tarbe ka, yana kan benci da rediyo a kunne. Litinin Yallaɓai ya shiga taro, Laraba ya tafi ta'aziyya, Juma'a kuwa ka san ranar Juma'a ce. Ya san inda kowane fayil yake kwance, amma ba ya tunawa sai an ba shi na goro.

In Allah ya sa ka tsallake shi, za ka iske Injiniya Ba-Huruminmu-Ba. Wannan gwani ne, kuma cikin fara'a yake aikinsa. "Ruwan a ina yake kwanciya?" Ka ce a tsakar gida. "To, Alhaji, ai filinka ne, hukuma ba ta shiga gidan mutum." Ka ce daga titi yake malalowa. "Titin na jiha ne." Ka ce shara ce ta toshe hanyar. "Sai hukumar kwashe shara." Ka ce wani ne ya yi gini a kan magudana. "Wannan na hukumar tsara birane ne." Ya haddace Dokar Amfani da Filaye ta 1978, wadda ta sa filayen birni a hannun gwamna, yana kuma jawo ta a duk inda ya ji an matsa masa. Kafin ka tashi zai tabbatar maka cewa ruwan da ya ci maka katanga maraya ne, ba shi da uba a kowace gwamnati.

Honarabul Kansila shi ba ya korar kowa. Zai zo har ƙofar gidanka, ya naɗe ƙafar wando, yaronsa ya ɗauke shi hoto yana nuna kwata da yatsa. "Baba, ka ɗauka an gama, yana cikin kasafin baɗi." Da can cewa yake kuɗin sun maƙale a asusun haɗin gwiwa da jiha. Da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, sai ya sabunta baki: "Muna jiran a fara aiwatarwa."

Duba-gari ne kaɗai ma'aikacin da ke zuwa ba tare da an yi masa naci ba. Zai tsaya ya ƙare wa ruwan kallo, ya girgiza kai, ya rubuta maka tara saboda kana kiwon sauro.

Mai Unguwa kuma maganinsa guda ne ga kowace cuta: a shimfiɗa tabarma, a yi haƙuri da juna, a yi karo-karo. Kuɗin da aka tara kan ishi shebur biyu da kunun zaƙi na samarin da za su yi aikin gayya. Su yashe kwatar tas, su tara ƙazantar a gefe, ruwan jibi ya mai da ita inda aka ɗebo ta.

Akwai Dattijon Bakin Masallaci, wanda ba a tambaye shi ba. "Yaro, nan da ka gina kududdufi ne. Daga nan aka haƙi ƙasar da aka gina unguwar nan, ruwan damina ma nan yake taruwa. Aka cike da shara, aka yanka fuloti, dillali ya nuna maka da rani." Duk cikinsu shi ne ya faɗi asalin matsalar, shi ya sa ake cewa tsufa ya kama shi.

Shi kansa Mai Koke kada a manta da shi. Yana yawo da jakar leda cike da kwafin takardu, duk wanda ya gaishe shi sai ya ji labarin katanga tun daga tushe. Abin da ba ya cikin labarin shi ne shagon da ya fitar ƙofar gida shekaran bara, wanda rabinsa a kan lambatu yake zaune.

Kada ka ce kokensa ya tafi a banza. Fayil yana tafiya, a hankali dai. Cikin watan Janairu, ana tsakiyar hunturu, sai ga motar hukuma ta tsaya da Injiniya da mutum biyu masu tef. Su auna gabas, su auna yamma, su kaɗe ƙura daga takalmansu, su sha ruwan da mai gida ya kawo. Rahoton da za su rubuta gajere ne, kuma babu ƙarya a cikinsa: an ziyarci wurin, ba a tarar da ruwa ba.