Bango Na Nan, Hannu Ne Ba Ya Kaiwa

Mai kafa bututun hayaƙin gidan burodi ba ya tuna cewa akwai iska a duniya. Ya miƙe shi sama, ya karɓi kuɗinsa, ya kama gabansa. Sai guguwar farkon damina ta sa bututun rangaji, sannan a tuna ana buƙatar ƙarfen da zai ɗaure shi da bango.

To, a nan ake yin ta. Tsakanin bututu da bango bai wuce yatsu huɗu ba, injin huda bango kuwa ko kansa ba zai shiga ba. Mai gyara na kan tsani, ya leƙa ta dama, ya leƙa ta hagu, kumatu duk baƙin hayaƙi, mai gida kuma daga ƙasa yana cewa, "Haba Malam, ai noti biyu ne kawai!" In ya huda a karkace, noti ya shiga a karkace. In ya dace da ramin bulo, noti ya yi ta juyawa bai kama komai ba. Fishar roba kuwa, kada ma a kawo ta kusa da wannan zafi.

Dabarar ita ce mai walda ya yanko ƙarfen da ya fi bututun faɗi, a zura shi ta baya, ramukan su faɗo hagu da dama, inda injin zai shiga a miƙe. Sai zobe mai ɓari biyu ya rungumi bututun, amma ban da matsewa sosai, domin ƙarfe na miƙewa idan ya ji wuta.

Kuma don Allah, a bari tanda ta huce kafin a hau tsani.